Sabitu Ba Zai Buga Ba

Inkil, Bauchi
Litinin, 15 ga Satumba, 1997

Zuwa ga ƙaunatacciyar matata Roda, Maman Elias,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da jaririnmu. Yaya jiki, yaya wankan jego? Cibiyar Elias ta warke kuwa? Ki gaishe mini da Baba da Mama, ki ce ina godiya da ɗawainiyar da suke yi da ku. Ni ma lafiyata ƙalau, in ban da tuwon da nake tuƙawa da kaina, wanda ko karen maƙwabta sai ya yi shawara kafin ya ci. Sabulu da zanen goyon da kika ce, na ba direban motar Bogoro tare da wasiƙar nan.

Ina da labari mai daɗi da marar daɗi, kuma a ƙulle suke wuri ɗaya.

Guguwar Inkil ta kai wasan ƙarshe! Kin san tun da Alhaji Abdulsalami ya kafa ƙungiyar nan, ya ce in riƙa horar da ita da yamma in na tashi daga garejinsa, ba mu taɓa wuce zagaye na biyu ba. Shekaranjiya Asabar muka fid da waɗanda kowa yake tsoro, ɗaya da nema. Sabitu ne ya ci, ɗan gaban nan namu dogo da kike cewa wuyansa kamar na zalɓe. Ana dab da tashi aka ba mu bugun kusurwa. Ya yi sama ya sa kai, ƙwallo ta shige raga, golansu kuma ya fito da ƙarfinsa ya banke shi, kansa ya bugu da ƙarfen raga. Daga benci na ji ƙarar.

Jama'a na ta kiɗa da rawa, ni kuwa na ruga cikin fili. Na same shi kwance, idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Muka sa shi a bayan a-kori-kurar gareji muka nufi asibiti. A hanya ya farfaɗo, ya yi amai, ya tambaye ni wa ya ci wasa. Na ce mu ne, kuma kai ka ci. Ya yi murmushi. Jim kaɗan ya sāke tambayata wa ya ci wasa. Haka ya yi ta yi har muka isa. Roda, ban taɓa jin tsoron tambaya irin na ran nan ba.

Likitan ya ja ni gefe ya ce ƙwaƙwalwarsa ta jijjigu. Ya ce zai tashi, zai yi tafiya, zai ce ya warke, amma kada a yarda ya kusanci ƙwallo sai bayan wata biyu aƙalla, domin in kan nan ya sāke buguwa kafin ya warke, yana iya rasa idanunsa, yana kuma iya faɗuwa ya ƙi tashi. Wasan ƙarshe kuwa ranar Asabar ta sama ne.

Jiya da yamma na je na gaya wa Alhaji yadda likita ya faɗa, ban rage komai ba. Ya yi dariya ya ce haka likitoci suke, ka je musu da ƙaya su ce a yanke ƙafa. Na ce masa, “Alhaji, Sabitu ba zai buga wasan ƙarshe ba.” Ya dafa kafaɗata ya ce in je in huta, gajiya ce take magana.

Ba gajiya ba ce. Ranar da aka rataya mini usur ɗin nan a wuya na durƙusa na gaya wa Ubangiji cewa samarin nan amana ce ya ba ni, kuma yadda iyayensu suka sallamo su da ƙafafunsu, haka zan mayar da su. Ban ce masa sai dai in akwai kofi ba.

Ki sa ni cikin addu'a. Ki shafa mini kan Elias.

Ni ne mijinki mai ƙaunarki,
Zakka

Inkil, Bauchi
Litinin, 22 ga Satumba, 1997

Roda tawa,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka. Yaya kwanan yaro? Na ji daɗi da kika ce ya fara bin fitila da ido. Yaya ƙafar Mama? Acca da daddawar da kuka aiko sun iso, Allah ya sāka.

Na karanta wasiƙarki a ƙarƙashin wata gingimari, hannuna duk baƙin mai, har yatsuna sun fito a kan takardar. Kin ce ni ba likita ba ne, ni ba uban Sabitu ba ne, kuma in tuna yanzu ina da ɗan kaina. Kin ce in tuna irin abin da ƙaramar magana ta taɓa haifarwa a garin nan. Ban manta ba, ni ma a nan nake lokacin. Ban ji haushinki ba ko kaɗan, na san ƙauna ce ta sa ki rubuta haka. Amma tun da na ɗauki Elias a hannuna na san abin da ake nufi da ɗan wani. Sabitu ma wata ce ta goya shi.

Abin da kike tsoro ya riga ya fara. Kin san in ba Sabitu, wanda ya fi kowa iya tsayawa a gaba shi ne Matta, ɗan garinku mai waƙa a kwayar majami'armu. To, shi ke nan. Magana ta zaga daga tashar mota har teburan masu shayi cewa kocin Guguwa ya ƙirƙiro ciwo domin ya zaunar da Musulmi ya ɗaga ɗan'uwansa Kirista. Abin da ya ƙara wa wutar mai shi ne, an ce wani mai neman 'yan wasa daga wata babbar ƙungiya ta Ikko zai zo kallon wasan, kuma sunan Sabitu ne ya kawo shi. Mai shayin da nake karyawa wurinsa kullum, yanzu sai ya ajiye mini kofi ba tare da ya dube ni ba.

Ran Juma'a Sabitu ya zo gareji da kansa. An sallame shi, ya yi wanka, ya sa farar riga, in kin gan shi sai ki ce ba abin da ya taɓa shi. Ya tsuguna kusa da motar da nake gyara ya yi ta roƙona. Ya ce wannan ita ce ƙofar da ya jima yana jira, ubansa ya rasu, shi uwarsa take kallo, in ƙofar nan ta rufe ba ta sāke buɗewa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ya sa ya fi ciwo. Na fito daga ƙarƙashin motar, na ɗauki lemon da na ajiye don kalaci, na ce ya cafe. A hankali na jefa, irin jifar da ake yi wa yaro. Hannunsa ya damƙi iska a gefe, lemon ya buge shi a ƙirji ya faɗi ƙasa. Ya ce rana ce ta kashe masa ido. A inuwa muke tsaye.

Sai ya ce, “Koci, da ni Matta ne da ba ka hana ni ba.” Na ce masa, “Da kai Matta ne, da igiya zan ɗaure ka a gadon asibiti, don uwarsa ta ba ni izini.” Bai yi dariya ba. Ya juya ya tafi bai yi sallama ba.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai jiya ya faru, kuma a ƙofar majami'a. Muna fitowa daga sujada wani dattijon ikilisiya, ba zan rubuta sunansa ba amma kin san shi, ya kama hannuna da hannu biyu yana fara'a. Ya ce madalla da ni, haka suke so, a riƙa ɗaga namu, an daɗe ana danne mu. Roda, sai na ji kamar an watsa mini ruwan kwata. Na zare hannuna, na ce masa a gaban mutane, “Baba, ka yi haƙuri, abin da kake yaba mini shi ne daidai abin da ake zagina a kai, kuma ban aikata shi ba. In da don in ɗaga namu na zaunar da yaron nan, da ban isa in shiga ɗakin nan in karɓi jibin Ubangiji ba.” Wasu sun ce na yi wa babba rashin kunya. Wataƙila muryata ta yi sama, amma maganar ba zan janye ta ba.

Masu ba da shawara sun yi yawa. Wani ya ce in zaunar da Matta shi ma, in sa wani Musulmi a gaba, bakin kowa ya mutu. Ba zan ɓoye miki ba, na juya maganar a raina. Amma me Matta ya yi? Bai taɓa fashin atisaye ba, ko a ruwan sama. In yanka shi don in wanke sunana? Fasto kuma, cikin kirki da tausayi, ya ce me zai hana in zo Bogoro ganin jariri a ƙarshen makon nan, in bar mataimakina ya zaɓi 'yan wasa. Na ce masa, Fasto, kai ka koya mana labarin wanda ya wanke hannunsa a gaban taro, kuma ruwan bai fid da shi ba. Sai ya ɗora hannu a kaina ya yi mini addu'a.

Ina son in gan ku kamar me, amma ba ta wannan hanya ba.

Ki gai da kowa da kowa.

Naki har abada,
Zakka

Inkil, Bauchi
Juma'a, 26 ga Satumba, 1997

Maman Elias,

Salama a gare ku cikin sunan Mai Cetonmu. Ina fata kuna lafiya, kuma tarin da kika ce yaro yana yi ya lafa. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, kuma kada ki karanta wa Mama sai kin gama ke kaɗai.

An kore ni. Daga ƙungiya, daga gareji, kuma gidan nan na Alhaji ma an ce mu tashi kafin ƙarshen watan gobe.

Shekaranjiya Alhaji ya aiko a kira ni falonsa. Ina so ki riƙe wannan a ranki, kada wani ya zo ya gaya miki wani abu dabam: Alhaji bai taɓa yi mini maganar addini ba, ran nan ma bai yi ba. Mutumin da ya ba da motarsa aka kai ki asibiti ranar naƙuda, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce shi bai yarda da surutun gari ba, ya san ni. Amma ya ce gari ya yi zafi, kofin nan ya daɗe yana mafarkinsa, kuma yaron da kansa yake roƙo. Ya ce in sa shi rabin farko kawai, baƙon Ikko ya gan shi, sai in cire shi. Na ce, “Alhaji, gwiwar gola ba ta duba agogo.” Ya ce to in sauka a hankali, a ce ba ni da lafiya, in ci gaba da aikina na gareji ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na ce lafiyata ƙalau, ba zan ce ba ni da ita ba, kuma ba zan ajiye usur da hannuna ba. In yana son ya karɓa, ya kore ni da bakinsa, kowa ya san dalili.

Ya ce taurin kaina ya fi na jakin Kano. Sa'an nan ya faɗi abin da na rubuta miki a sama. Na tuɓe usur ɗin na ajiye a kan teburinsa, na yi masa godiya a kan duk alherin da ya yi mana. Kafin in fita na ce masa, “Akwai abu ɗaya da ba na so ka ji a bakin wani. Gobe zan je wurin mahaifiyar Sabitu in gaya mata abin da likita ya ce.” Ya ce ba hurumina ba ne yanzu. Na ce hurumin koci ya karɓe, na maƙwabci kuwa ba shi ya ba ni ba.

Jiya da hantsi na shiga cikin gari, unguwar Jahun. Ya'u, kyaftin ɗinmu, shi ya kwatanta mini gidan, amma ya ce shawararsa kada in je. Samarin da ke zaune a bakin layin sun gane ni. Ba wanda ya taɓa ni, sai dai maganganun da aka bi ni da su ba na rubutawa ba ne. Na yi sallama a zaure, na aika a ce ina neman Hajja Maimuna. Sabitu ba ya nan, ya tafi atisaye wurin sabon koci.

Ta fito da ƙanshin man gyaɗa a jikinta, don sana'arta ke nan. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, idonta kamar na shaho. Ba ta zauna ba. Ta ce, “Kai ne Kiristan da ake faɗa?” Na ce ni ne, Hajja. Ta ce me ya kawo ni. Na gaya mata komai, da aman, da tambayar da ya yi ta maimaitawa, da lemon. Ashe ba wanda ya gaya mata. Ce mata aka yi ƙaramin rauni ne, har an ɗaure ya warke.

Ta ce, “In ɗana bai buga ba, me za ka samu?” Na ce babu, an riga an kore ni jiya. Ta ce in rantse. Na ce mata mu an hore mu kada mu yi rantsuwa, in mun ce i, i ne. Amma kada ta dogara da bakina, likitan yana nan da ransa, ta zo mu je ta ji da kunnenta. Na zaci za ta ce in tafi. Sai ta koma ciki, ta fito da mayafi da takalminta a hannu. Ta hau acaɓa ɗaya na hau ɗaya, muka ratsa ta gaban samarin nan suna kallo.

Mun jira likitan har bayan azahar, ta yi sallarta a barandar asibiti ina riƙe mata layi. Da muka shiga ya gaya mata abin da ya gaya mini, kalma da kalma. Ba ta yi kuka ba. Da muka fito ta ce mini, “Ka je gida.” Iyakar abin da ta ce ke nan. Ban san abin da za ta yi ba.

Na san abin da ke ranki yanzu: ina za mu sa jariri, me za mu ci. Ni ma na tambayi Ubangiji haka da safen nan, kuma bai ba ni amsa ba tukuna. Amma akwatin kayan aikina nawa ne, hannuwana ma nawa ne. Gobe kuma zan je filin wasa. Zan sayi tikiti kamar kowa in zauna a tsakiyar jama'a. Ban yi sata ba, ba zan ɓuya ba.

Kada ki yi kuka da yawa, ruwan nono zai ragu.

Mijinki,
Zakka

Inkil, Bauchi
Lahadi, 28 ga Satumba, 1997

Ƙaunatacciyata Roda,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina rubuto wannan da sauri don direban zai tashi da sassafe gobe, kuma na san ba ki samu barci ba. Lafiyata ƙalau, ba abin da ya same ni sai rigata da ta ɓaci. Ina fata ku ma kuna lafiya.

Sabitu bai buga ba. Ya'u ya ba ni labari. Da safen Asabar Hajja ta ɗauke takalman ƙwallonsa ta kai ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure ta zauna. Ta ce masa ƙofa a buɗe take, amma sai dai ya tsallake ta, kuma in ya tsallake kada ya sāke kiranta uwa. Alhaji ya aiko mota har ƙofar gida. Motar ta koma ba kowa.

An ci mu ɗaya da nema.

Na zauna a ɓangaren rana, inda magoya bayanmu suka fi yawa. Da aka karanta sunayen 'yan wasa ba a ji na Sabitu ba, sai kawuna suka fara juyowa wajena. Sabon kocin ya ji tsoron sa Matta, ya bar shi a benci har aka dawo daga hutun rabin lokaci, an riga an zura mana. Da ya shigo ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ana saura kaɗan a tashi aka ba shi ƙwallo, daga shi sai gola, ya buga ta haye sama. Irin ƙwallon da Sabitu yake ci ido rufe. Ba zan yi miki ƙarya ba, da shi ne a wurin da yanzu kofin yana falon Alhaji.

Nan fa aka fara. “Ga gwanin naka!” Ɓawon rake, totuwar masara, har da sauran kunun wani a leda, duk a bayana suka sauka. Wani bawan Allah da ke kusa da ni ya ce in sulale tun kafin a busa tashi. Na ce ƙungiyata ce take wasa, sai na ga ƙarshe. Na tsaya a kan ƙafafuna na yi ta tafa musu har aka busa.

Da aka tashi mutane suka taru a hanyar fita, na ga abin yana neman ya wuce jifa da rake. Sai ga Ya'u ya tsallako shinge da rigar wasansa jiƙe da gumi, sauran suna biye da shi. Suka sa ni a tsakiya suka fita da ni har bakin titi. Ya'u ya ce mini, “Koci, ni wallahi ban sani ba ko daidai ka yi. Amma ba wanda zai taɓa ka ina tsaye.” Matta yana bayanmu yana kuka kamar yaro. Na kama wuyansa na ce gobe ma rana ce, ya ɗaga kansa.

Baƙon Ikko, an ce, ɗan gaban ɗaya ƙungiyar ya ɗauka.

Yau a majami'a dattijon nan bai gaishe ni ba, waɗansu kuma suna kallona kamar wanda ya jawo wa jama'a magana. A cikin gari ni maƙiyi ne, a nan kuma marar wayo. To, na ji. Na yi waƙa da ƙarfi fiye da kullum.

Ki gaishe da su Baba. Zan fara neman ɗaki gobe.

Naki,
Zakka

Yalwa, Bauchi
Litinin, 20 ga Oktoba, 1997

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu, tare da Elias da dukan mutanen gida. Yaya kaka, an fara yankan acca? Na gode wa Baba da saƙonsa. Ki ce masa na ji, kuma ya yi gaskiya, bakina yana bukatar linzami. Amma a kan ainihin maganar, ko yau aka sāke ɗaurawa haka zan sāke yi.

Na samu ɗaki a Yalwa, ciki ɗaya da 'yar rumfa. Rufin yana yoyo a kusurwa ɗaya, na riga na hau na toshe. Gadonmu ya shiga, kujerun kuwa na bar su wurin Fasto. Aiki kuma, na kafa akwatina a gindin wata ɗorawa a bakin hanyar Das. Rana ta farko ba wanda ya tsaya. Yanzu direbobin da suka san hannuna sun fara zagayowa, Musulmi da Kirista, don mota ba ta tambayar inda makanike yake sujada. Ba kamar da ba ne, amma ba mu kwana da yunwa.

Kin tambaye ni ko Sabitu ya zo ya gode mini, ko Alhaji ya gane. A'a. Alhaji bai aiko ba, ni ma ban je ba. Sabitu kuwa ya zo, ranar Alhamis, amma ba godiya ta kawo shi ba.

Ina wanke kafiretar wata mota sai na ga inuwa a kaina. Ya rame kaɗan, amma idonsa garau. Bai yi mini sannu da aiki ba. Ya ce, “Na zo ne ka gan ni da idonka. Lafiyata ƙalau. Ba ciwon kai, ba jiri, ba komai. Wanda aka ɗauka a maimakona yana Ikko yanzu, ni kuwa ina taya tsohuwa suyar ƙuli-ƙuli. Ka rufe mini ƙofa a banza.”

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce masa mai yiwuwa ne. Mai yiwuwa da ya buga, ya ci, ya fito lafiya, ya tafi Ikko. Ba ni da wata shaida da zan nuna masa, kuma ba zan taɓa samu ba, domin shaidar da za ta gamsar da garin nan ita ce gawarsa, ni kuwa na ƙi in biya wannan farashi don a ce na yi gaskiya.

Ya ce, “Ban yafe maka ba.”

Na ce, “Na ji. Ka riƙe fushinka, naka ne. In likita ya sallame ka, ka fara da gudu a hankali, kada ka yi gaggawar sa kai.”

Ya yi tsaki ya juya. Akwai wani gwangwanin man birki a gefen hanya, ya sa masa ƙafar hagu don haushi. Roda, da kin ga yadda gwangwanin nan ya tashi, ya lanƙwasa a sama, ya tsallake titi ya faɗa cikin kwalbati! Na bi shi da kallo yana tafiya, kafaɗunsa a sama, yana ƙunƙuni, har ya sha kwana. Direban da nake yi wa gyara ya ce, wannan wane irin marar kunya ne, kuma me ya sa nake murmushi an zage ni?

Ga dalilin, Roda. Wanda ke cikin kabari ba ya fushi da kowa. Wannan kuwa da ƙafafunsa ya tako tun daga Jahun har Yalwa don ya gaya mini ya tsane ni, kuma da ƙafafunsa ya koma wurin uwarsa. Na durƙusa a nan gindin ɗorawar, cikin baƙin mai da ƙasa, na gode wa Ubangiji.

Ki shirya ku dawo ran Asabar mai zuwa. Zan jira ku a tasha. Ɗakin ƙarami ne, amma ba wanda zai ce mu sunkuyar da kai kafin mu shiga, sai dai ƙofar, don gajeriya ce.

Ki gaishe da Baba da Mama da dukan 'yan'uwa. Ubangiji ya kawo ku lafiya.

Ni ne mijinki mai jiranki,
Zakka